Zanga-zangar ƙiyayya da 'yancin baki: me ya kamaci mai bin Almasihu?

Ɗan Samaru: Salamar Ubangiji gare ku iyaye da 'yan'uwa. Ku gafarce ni da shigowa da dare, wani abu ne ya tsaya mini a rai tun la'asar. Abokin aikina, Musulmi ne, mutumin kirki, kwano ɗaya muke ci da rana, shi ya turo mini bidiyo biyu. Na farko wasu Turawa ne a Amurka tsaye bakin titi ranar jana'izar wani soja, riƙe da kwalaye an rubuta wai sun gode wa Allah da sojojin da suka mutu, kuma wai 'yan coci ne. Na biyu mutumin nan ne da ya ƙona Alƙur'ani a Siwidin. A ƙasa ya rubuta mini kalma biyu rak: "Ga naku." Sau uku ina rubuta amsa ina gogewa. Abin da zuciyata ke so shi ne in tura masa hotunan kisan Debora Samuel a Sakkwato na 2022 in ce kai ma ga naku. Me zan ce masa?

Maman Tagwaye: Kada ka tura, ɗana. Ajiye wayar ka je ka ci tuwo tukuna.

Mai Walda: Don me ba zai tura ba, Mama? Ƙarya zai yi? Kullum mu ne da ba da haƙuri a kan abin da ba mu san hawa ba, ba mu san sauka ba. Wani can a garin da ko sunansa ban iya faɗa ba ya yi haukarsa, ni da ke walda a Muciya ne zan amsa tambaya? Ranar da aka bi titi ana kiranmu arna ana jifan ƙofofi, wa ya zo ya ce mana ku yi haƙuri?

'Yar Kongo: Yaya Ɗan Samaru, kafin ka amsa ya kamata ka san su waye a bidiyon. Na farkon nan 'yan cocin Westboro ne, a garin Topeka na jihar Kansas. Wani Fred Phelps ya kafa ta, ya mutu a 2014. Ba su kai mutum ɗari ba, kuma yawancinsu 'ya'yansa ne da jikokinsa. Suna kiran kansu Baftis amma manyan ƙungiyoyin Baftis na Amurka sun barranta da su tun tuni. Aƙidarsu ita ce wai Allah yana hukunta Amurka saboda ta sakar wa masu neman jinsi ɗaya mara, don haka duk sojan da aka kashe a yaƙi horon Allah ne. Sai su bi makoki suna faɗa wa iyayen mamaci haka.

Mun taɓa shari'arsu a aji. Wani soja Matthew Snyder ya mutu a Iraƙi a 2006, suka je jana'izarsa. Mahaifin ya kai ƙara, kotun farko ta ba shi diyyar miliyoyin daloli. Aka yi ta ɗaukaka ƙara har kotun ƙoli, a 2011 alƙalai takwas cikin tara suka ce 'yan Westboro ke da gaskiya a doka. Hujjarsu: sun tsaya a filin gwamnati, wajen mita 300 daga cocin da ake jana'izar, inda 'yan sanda suka nuna musu, ba su taɓa kowa ba, kuma maganar da suke yi, duk da muninta, ta shafi al'amuran ƙasa.

Mai Walda: Wato uba yana binne ɗansa ana zaginsa, kotu kuma ta ce daidai ne. Wannan ne ci gaban? A nan da ko kwalayen ba su gama ɗagawa ba.

'Yar Kongo: Kotu ba ta ce daidai ne ba, cewa ta yi gwamnati ba za ta hukunta su ba. Da bambanci. Na biyun kuma, Salwan Momika, ɗan Iraƙi ne, asalin gidansu Kiristoci ne amma shi da bakinsa ya ce bai yarda da akwai Allah ba. Ya yi abin nan a gaban babban masallacin birnin Stockholm ranar Babbar Sallah ta 2023. Paparoma Faransis ya fito ya yi tir da shi. An harbe shi a farkon 2025.

Ɗan Samaru: To ai shi ke nan, sai in ce masa ba namu ba ne.

Baba Wusasa: Barkanku da dare 'ya'yana. Na jima ina karantawa, hannun tsoho ba ya sauri a waya. Ɗan Samaru, in ka ce masa "ba namu ba ne" ka tsaya nan, ka wanke kanka ne kawai, ba ka taɓa ciwonsa ba. Ka tambayi kanka, me ya sa ya turo maka? Mutumin da kuke cin kwano ɗaya ba neman faɗa yake ba. An taɓa abin da ya fi ƙauna a duniya, yana so ya ji ko kai ma abin ya dame ka.

Bari in ba ku labarin da wasunku suka gaji da ji. A Maris na 1987 ina koyarwa a garin nan, Zariya. Rigima ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a kan wa'azin da aka yi a taron ɗalibai Kiristoci. Magana ce fa, ba wuƙa ba. Can aka kashe mutane aka ƙona masallatai, mu faɗi gaskiya. Kafin mako ya zagayo wuta ta iso Kaduna, ta iso Zariya, ta wuce Funtuwa. Cikin dare ɗaya aka ƙona coci-coci masu yawa a garin nan. Ni da idona na tsaya a kan tokar inda aka yi mini baftisma. Yaran da suka zo da galan na fetur, na san iyayen wasunsu, kuma na rantse ko ɗaya a cikinsu bai ji wa'azin Kafanchan da kunnensa ba. An ce musu ne an ce.

A daren, maƙwabcinmu mai sayar da hatsi ya kwashe matata da yara ya sa su a ɗakin uwargidansa, ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a ƙofar zaure ya zauna da carbinsa har asuba. Bai yi wa kowa wa'azi ba. Duk wanda ya zo sai ya ce masa nan gidana ne, wuce. Ya rasu yanzu, 'ya'yansa har gobe suna kawo mana naman layya. To ni tun daga ranar, in an yi wa Musulmi cin mutunci da sunan Almasihu, ina jin bashi ne a kaina in je in zauna a ƙofar zaurensa.

Maman Tagwaye: Allah ya ƙara girma, Baba.

Mai Walda: Baba, ba na musu da ku, kun haife ni. Amma tun 1987 muke jin labarin maƙwabci nagari, kuma tun 1987 ake binne mu. 1992, 2000, 2002, 2011. Ranar 17 ga Yuni 2012 ina Sabon Gari lokacin da bam ya tashi a babban cocin Katolika, wani ya tashi a ECWA ta Wusasa, unguwarku. Kumatu biyu Allah ya ba ni, an mari duka biyun. Na uku a ina zan samo?

Baba Wusasa: Ka ƙarasa labarin ranar, ɗana. Da yamma a Gonin Gora, kan hanyar Abuja, su wa aka tare aka kashe? Matafiya ne da ba su san an yi bam ba ma. Waɗanda suka tare su suna da sunaye irin namu.

Ƙaramin Fasto: Salama. Yanzu na fito daga gwajin waƙa na tarar da saƙonni kamar ruwan Agusta. Ina so mu buɗe Ayyukan Manzanni sura 19, don akwai zanga-zangar ƙiyayya sak a ciki, ba sai mun je Amurka ba.

A Afisa wani maƙerin azurfa, Dimitiriyas, ya ga kasuwar gumakansa tana faɗuwa saboda wa'azin Bulus. Bai fito ya ce "cinikina ya ragu" kawai ba, sai ya lulluɓe maganar da addini, ya ce ana raina allahiyarsu. Gari ya ɗauka. Aka cika dandali, aka yi wajen awa biyu ana ihu da kirari ɗaya. Luka ya rubuta wani abu da kullum yake ba ni dariya da tausayi tare: yawancin mutanen ba su ma san dalilin da ya tara su ba. Daidai da yaran Baba masu galan.

Yanzu ku duba abin da masu bi suka yi. Bulus ya so ya shiga cikin taron, zuciya ta ɗebe shi kamar Mai Walda. Almajirai suka riƙe shi. Har wasu manyan gari, abokansa da ba masu bi ba, suka aiko masa cewa kada ya kuskura. Wanda ya kashe wutar magatakardan gari ne, shi ma ba mai bi ba. Ya ce in Dimitiriyas yana da ƙara, kotu a buɗe take. Ya kuma faɗi maganar da nake so kowa ya ja mata layi: mutanen nan ba su zagi allahiyarmu ba. Bulus ya yi fiye da shekara biyu yana wa'azi a garin, har kasuwar gumaka ta girgiza, amma da aka zo neman inda ya yi zagi, ba a samu ba. Wanda ba ya bin addininsa ne ya ba shi wannan shaidar. Mu yau, in an tara abin da muke rubutawa a Facebook, wane Musulmi ne zai iya tsayawa ya ba mu ita?

Maman Tagwaye: Yauwa Fasto, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Laifi tudu ne. Ni a kasuwar Sabon Gari nake wuni, dama da hagu Hajiyoyi ne, in zan je banki su nake bar wa shago. Kwanaki wani yaro mai wa'azin safe ya kafa lasifika a bakin layinmu, maimakon ya faɗi abin da Yesu ya yi masa, sai habaici yake ta yi wa addinin mutane. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Na je na ja shi gefe na ce ɗana kai in ka gama za ka naɗe wayarka ka hau mota, mu ne za mu kwana a nan. Ya ce mini ai ina jin kunyar bishara. Ni da na yi shekara talatin a zumuntar mata!

Ɗan Samaru: Fasto na ji. Amma shiru fa? Debora Samuel, ɗaliba Kirista a Sakkwato, saƙon murya ta tura a zauren ajinsu, aka ce ɓatanci ne, aka kashe ta aka ƙona a cikin makaranta, 12 ga Mayu 2022. Bayan kwana biyu aka fito zanga-zanga a Sakkwato, ba don an kashe ta ba, don a saki waɗanda aka kama. Aka farfasa gilasan coci sai da gwamna ya sa dokar hana fita. Wannan ba ita ce zanga-zangar ƙiyayya ba? Me Ayyukan Manzanni ya ce mu yi da ita?

Ƙaramin Fasto: Ban ce shiru ba. Bulus ɗin nan, da aka yi masa bulala a Filibi ba shari'a, washegari aka ce ya fita a ɓoye, ya ƙi, ya ce sai mahukuntan sun zo da kansu sun fitar da shi. Daga baya ya ɗaukaka ƙara har gaban Kaisar. Ubangiji kansa da aka mare shi a gaban babban firist ya tambayi mutumin, in gaskiya na faɗa don me ka mare ni? Neman hakki ba ramuwa ba ne. Abin da aka hana mu shi ne abin da Yakubu da Yohanna suka so yi, da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓarsu suka ce a kira wuta daga sama. Juyowa ya yi ya tsawata musu. Su ya tsawata wa, ba ƙauyen ba.

Malamin Tarihi: A ƙara da cewa Sarkin Musulmi ya yi tir da kisan Debora ba tare da ɓata lokaci ba, kuma akwai malamai da suka ce ba wanda ke da ikon yanke hukunci a titi. In muna lissafi mu riƙa lissafa har da wannan.

Amma ni inda na rabu da 'Yar Kongo shi ne wannan sha'awar tsarin Amurka. Can in an ƙona littafi, a yi ta cacar baki a talabijin a watse. Nan rubutu ɗaya a jarida kan gasar sarauniyar kyau a Nuwamba 2002 ya ci rai fiye da 200 a Kaduna. Zanen barkwanci da aka yi a Denmak ya sa aka ƙona coci-coci a Maiduguri a 2006, aka rama a kan Hausawa a Onica. Wani fasto a Fulorida ya ƙona Alƙur'ani a 2011, ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka mutu a Afganistan. Baki shi ke yanka wuya, kuma sau da yawa ba wuyan mai bakin ba. Ita Denmak ɗin da kanta a ƙarshen 2023 ta yi dokar hana wulaƙanta littattafan addini a bainar jama'a. In su sun ga dalili, mu da muke zaune a kan garwashi fa? Ni ina goyon bayan doka mai tsauri. Duk wanda ya zagi addinin wani, ko waye, a ɗaure shi.

Mai Walda: Nan kam ina tare da Malam. A ɗaure kowa.

'Yar Kongo: Malam, da girmamawa, dokar ai muna da ita. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba da 'yancin addini a sashe na 38, na faɗar albarkacin baki a 39, na taro a 40, sannan sashe na 45 ya ba gwamnati damar taƙaita su saboda tsaro da zaman lafiya. Final Kod ɗinmu na Arewa, wato kundin hukunta laifuka, yana da laifin cin mutuncin addini tun kafin a haifi iyayena. Tambayar ita ce, wa take kamawa?

Rhoda Jatau ma'aikaciyar lafiya ce a jihar Bauci. Bayan kisan Debora ta tura wani bidiyo da ke yin tir da kisan a zauren WhatsApp na wurin aikinsu. Ita aka kama. Ta yi wata goma sha takwas a tsare kafin a ba da belinta a Disamba 2023, sai a ƙarshen 2024 kotu ta wanke ta. Mubarak Bala, wanda ya bar addini gaba ɗaya, shekara 24 aka yanke masa a Kano a 2022 saboda rubutun Facebook, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar. Yahaya Sharif-Aminu Musulmi ne, hukuncin kisa aka yanke masa a 2020 a kan waƙa. Yanzu ku lissafa mini waɗanda aka ɗaure saboda sun jagoranci taron da ya kashe mutum da sunan ɓatanci. Dokar zagi a hannun mai rinjaye take. A Zariya mun san waye marar rinjaye.

Ku tuna kuma da ƙudirin da Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo majalisar dattawa a 2019, wanda ya tanadi rataya ga mai kalaman ƙiyayya in sun jawo mutuwa. Wa zai fassara ƙiyayya? In Fasto ya hau bagadi ya ce Yesu Ɗan Allah ne, a kunnen wani ɓatanci ne. In liman ya karanta cewa Allah bai haifa ba kuma ba a haife shi ba, ya rushe tushen bangaskiyata. Dukansu biyu dole a bar su su faɗa. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Malamin Tarihi: 'Yata, kin iya lauyanci tun ba ki gama ba. Amma rashin adalci wajen aiwatar da doka ba hujjar zubar da ita ba ne. Ana sakin ɓarayi masu uwa a gindin murhu, ba mu ce a halatta sata ba.

'Yar Kongo: Sata kowa ya san ta in ya gan ta, Malam. Zagi kuwa a kunnen mai ji yake. Ni layin da zan ja shi ne tsakanin "addininku ƙarya ne" da "ga gidansu can, ku je". Na farko yana da zafi amma a amsa shi da baki. Na biyu tunzurawa ce, a kama mai shi tun kafin ya sauke lasifika, fasto ne ko malam.

Malamin Tarihi: A takarda layin a fili yake. A Tudun Wada da ƙarfe biyu na ranar Juma'a, tsakanin na farko da na biyu minti goma ne.

Baba Wusasa: Ku biyun kowa ya riƙe wani gefen gaskiya, ba zan raba muku ba. Sai dai in tuna muku daga inda wasunmu suka fito. Kakannin wasu gidaje a Wusasa Isawa ne, almajiran Malam Ibrahim, malamin Kano da ya yi ta nazarin abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Annabi Isa, aka kashe shi a kasuwar Kano tun kafin zuwan Turawa. Mutanensa suka watse, zuriyarsu ce ta haɗu da Likita Mila, Baturen mishan. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda nake karantawa har yau, da hannun irin waɗannan mutane a cikinsa. Don haka in ana maganar toshe bakin mutum saboda abin da ya gaskata, jikina yakan yi sanyi.

Ga kuma tambayar da ba na jin daɗin yi. Disamba 2015, a garin nan, aka kashe 'yan Shi'a. Jami'in gwamnatin jiha ya faɗa wa kwamitin bincike cewa gawa 347 aka binne a rami ɗaya. Na san muzaharar su ta sha tare mana hanya, ni ma na taɓa yin awa uku a PZ cikin rana ina huci. Amma mu nawa ne muka buɗe baki muka ce ba daidai ba ne? Na ji da kunnena a harabar coci ana cewa Allah ya ƙara. In 'yancin taro namu ne kawai muke so, ba 'yanci muke nema ba, gata muke nema.

Mai Walda: Baba wannan kuma daban ne.

Baba Wusasa: Ta ina?

Sista Nas: Ina bakin aiki, leƙowa na yi. Abu ɗaya zan roƙa. Ku daina tura bidiyon nan. Tun da Ɗan Samaru ya saka shi na gan shi a zaure uku. Masu irin wannan zanga-zangar da idon mutane suke rayuwa, mutum goma ne a titi amma miliyan ke kallo, da datarmu muke yi musu talla. Karin Magana ta ce in babu itace wuta takan mutu. Mu da muke karɓar waɗanda aka sara a ɗakin gaggawa, ba ma tambayar sunansu kafin mu ɗinke, jinin duk iri ɗaya ne a kan safar hannu.

Mai Kula da Zaure: Na goge bidiyon, Sista. Wanda ya riga ya sauke, don Allah ya bar shi a wayarsa.

Ɗan Samaru: To in ba ramuwa, ba doka, ba turawa, saura me? Addu'a kawai?

'Yar Kongo: Amurkawan da kotu ta hana su rufe bakin Westboro ba su zauna ba ai. Tun 2005 wasu masu manyan babura, da yawansu tsofaffin sojoji, suka riƙa zuwa jana'iza in iyalin sun gayyace su, su jeru da tutoci tsakanin masu makoki da masu kwalaye, iyalin ba sa ganinsu ba sa jinsu. Ba duka, ba zagi. A Jamus kuma akwai wani ƙaramin gari, Wunsiedel, da 'yan aƙidar Nazi ke zuwa maci duk shekara. A 2014 mutanen garin suka yi musu dabara: duk mita ɗaya da suka taka, an yi alkawarin ba da Yuro 10 ga ƙungiyar da ke taimaka wa masu son fita daga aƙidar. Suka zana musu layuka a titi suna yi musu godiya. Da suka kai ƙarshe an tara Yuro 10,000 da ƙafafunsu.

Maman Tagwaye: Kai! Wannan ko Bazazzagi sai haka. Sun sa kura ta yi wa akuya dako.

'Yar Kongo: Wadda ta fi taɓa ni jikar Phelps ce, Megan. Tun tana ƙaramar yarinya ake ba ta kwali. Ita ke yi musu yaƙi a Twitter. Dubbai suka zage ta, bai motsa ta ba. 'Yan kaɗan ne suka riƙa yi mata tambaya cikin mutunci, har da wani Bayahude da ta sha zagin mutanensa. A 2012 ta bar cocin.

Mai Walda: Mutum ɗaya cikin shekara nawa? Kafin nan an gama da mu.

Ƙaramin Fasto: Ɗan'uwa, Fasto James Wuye na Kaduna irin maganarka yake yi a da, har ya fi ka zafi, shugaban matasa masu faɗa ne. A rikicin 1992 ya rasa hannunsa. Imam Muhammad Ashafa a ɗaya ɓangaren ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Su biyun ne suka zo suka kafa cibiyar sulhu, suna cikin waɗanda suka haɗa malamai da fastoci suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agusta 2002. Za ka ce ai wata uku bayan nan aka sake rikici. Haka ne. Ban zo in sayar maka da maganin da ba ya kuskure ba. Amma kar ka manta da Liman Abubakar Abdullahi na Barikin Ladi, wanda a Yuni 2018 ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa. Shi ma mutum ɗaya ne.

Kuma ban hana ka tsaron coci ba. Ka ci gaba da tsayuwa a bakin ƙofa ranar Lahadi kana duba jakunkuna, Nehemiya ma ya sa masu gadi. Abin da nake roƙonka, in an ce maka ana zanga-zanga a Kwangila, kada ka tara yaran shagonka ku nufi can.

Mai Walda: Ban yi alkawari ba Fasto. Zan dai yi tunani.

Ɗan Samaru: Na tura masa. Ga abin da na rubuta: "Malam, na gani, kuma raina ya ɓaci. Wanda ya ƙona littafinku ya yi abin kunya, ko da sunan wa ya yi. Masu kwalayen nan ma ba abin da Yesu ya koya mana ke nan ba. Ka yi haƙuri da zafin da ka ji." Ban saka Sakkwato ba. Hannuna har rawa yake.

Malamin Tarihi: Da ni ne da na bar "ka yi haƙuri", kada ya ɗauka ka amsa laifi.

Maman Tagwaye: Haba Malam, in ɗan maƙwabci ya faɗi a gabanka ka ce sannu, kai ka tura shi?

Baba Wusasa: Maganar Debora ma ka yi masa ita, ɗana, kada ka haɗiye. Amma ba yau ba, kuma ba a waya ba. Wata rana kuna cin abinci ka ce masa akwai abin da ni ma yake ci mini rai. Ka ga abin da zai ce.

Ɗan Samaru: Ya karanta, alamar ta yi shuɗi. Yana rubutu... ya tsaya... yana rubutu kuma.

Maman Tagwaye: Mu dai muna nan.

Ɗan Samaru: Ya ce: "Na gode. Ni ma bai kamata in ce naku ba. Gobe kai za ka sayi ƙosai."

Mai Walda: Ƙosai. Hmm.

'Yar Kongo: Malamin Tarihi, ban sallame ku ba fa kan maganar Denmak. Ina da jarrabawa ranar Laraba, in na fito zan kawo muku hukuncin kotun ɗaukaka ƙara na 2007 da ya ce ba a bukatar izinin 'yan sanda kafin a yi taro, ku faɗa mini ko shi ma a soke shi.

Malamin Tarihi: Ki kawo, ina jira. Ki ci jarrabawar tukuna.

Mai Kula da Zaure: Sha ɗaya ta wuce. Masu addu'ar asuba, ƙarfe biyar da rabi ne, kuma wanda makullin ɗakin janareta ke hannunsa ya taimaka ya zo da wuri.